Amsa ga Mai Neman Aikin Lissafin Wa'adin Ɗaurarru a Gidan Gyaran Hali

Assalamu alaikum. Ƙanena da ya rubuto daga Tudun Wada, na karanta tambayarka, inda ka ce ka kammala difloma a kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya, kana sha'awar aikin gidan gyaran hali ta ɓangaren ofis, musamman teburin da ake lissafin wa'adin ɗauri da ajiye takardun waɗanda ake neman a saki bisa sharaɗi, kana kuma son sanin yadda ake shiga da abin da ya kamata ka koya tun yanzu. Na daɗe a kan wannan tebur kafin in yi ritaya, don haka zan gaya maka yadda na san aikin.

Ba a cika tallata gurbi da sunan akawun lissafin wa'adi ba. Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Nijeriya, wadda ta samu wannan suna da dokar 2019 bayan ta daɗe ana kiranta hukumar gidajen yari, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma hukumar da ke ɗaukar mata ma'aikata ita ce mai ɗaukar wa sibil difens da 'yan kwana-kwana da jami'an shige da fice. Ta intanet ake cike fom, kuma kyauta ne, saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka ɗauke shi ɗan damfara. Mai takardar sakandare yana shiga a matakin mataimaka, mai difloma irinka a matakin sufeto, mai digiri kuma a matakin sufuritanda. Za ka je horo, za ka yi fareti, za ka sa kaki kamar kowane gandiroba, kuma yana yiwuwa ka fara da gadin ƙofa ko raka ɗaurarru kotu kafin wani babba ya lura rubutunka yana da tsabta kuma ba ka yin ganganci da lamba, sannan ya mayar da kai ofishin ajiye bayanai. Kada ka raina wancan lokaci, domin wanda ya taɓa raka mutum kotu ya ji da kunnensa yadda alƙali ke yanke hukunci ya fi fahimtar takardar da za ta biyo baya.

Wannan takarda, wato waranti, ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ba a karɓar kowa a gidan gyaran hali sai da ita, kuma ko ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni da aka sa wa sunan Nelson Mandela a 2015 sun jaddada haka. Idan an kawo mutum, kai ne za ka duba sunan kotu, da lambar shari'a, da sa hannun alƙali da hatimi, da laifin da sashen dokar, da ranar hukunci, da tsawon wa'adin, da ko an ba shi zaɓin tara. Abin da ɗan sanda ko mai gabatar da ƙara ya gaya maka da baki ba hujja ba ne. Idan ka ga an rubuta wata shida da haruffa amma an sa 9 da lamba, ko an goge wani wuri ba a sa hannu a kai ba, ba hurumin ka ba ne ka zaɓi wanda ya fi maka ma'ana. Ka sanar da shugabanka, a rubuta wa rajistaran kotun ya gyara. A Zariya takardu suna zuwa daga kotunan majistare, da kotunan shari'ar Musulunci, da babbar kotun jiha, kuma kowane magatakarda da irin rubutunsa, don haka za ka koyi karanta hannun mutane da yawa.

Yanzu ga lissafin kansa, wanda shi ne ka fi tambaya a kai. Kowane ɗaurarren da aka yanke wa hukunci yana da ranakun fita biyu a fayil ɗinsa: ranar ƙarshe, wadda wa'adin ke cika baki ɗaya, da ranar kusa, wadda zai fita idan ya samu rangwamen kyakkyawan hali. Rangwamen nan kashi ɗaya ne cikin uku na wa'adin, kuma shi ne asalin maganar da ake yi a gari cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Waccan magana da wasu ke yi cewa ana ƙirga dare daban rana daban ba ta da tushe, kuma za ka sha yi wa iyayen ɗaurarru bayanin haka. A misali, a ce an yanke wa mutum shekara uku ranar 10 ga Maris 2025. Ranar hukuncin tana cikin ƙirge, don haka wa'adin zai cika ranar 9 ga Maris 2028, idan kuma aka cire shekara ɗaya ta rangwame sai ranar kusa ta faɗo a Maris 2027. Wannan mai sauƙi ne. Inda ake gane gwani shi ne idan tuhumar ta fi ɗaya. Mutum ya samu shekara biyu a laifi na farko da shekara ɗaya a na biyu: idan alƙali ya ce su tafi tare, wa'adinsa shekara biyu ne, ya yi wata 16 ya fita, idan ya ce bi da bi, shekara uku ke nan, sai ya yi wata 24. Kalma guda a cikin waranti ta raba wata takwas na rayuwar mutum, kuma akawun da ya karanta ta cikin gaggawa shi zai ɗauki alhakin waɗannan watanni.

Akwai wasu abubuwa da ke motsa ranar bayan an rubuta ta. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta umarci kotu ta yi la'akari da lokacin da mutum ya yi a tsare yana jiran shari'a, kuma sau da yawa alƙali yakan ce wa'adin ya fara daga ranar da aka fara tsare shi. Idan waranti ya faɗi haka, sai ka koma tsohon fayil ka nemo ainihin ranar da ya shigo, kada ka dogara da abin da shi ɗaurarren ya tuna. Idan bai faɗa ba, kai ba ka da ikon cire masa ko kwana ɗaya don tausayi. Idan ya aikata laifi a cikin gida aka hukunta shi da janye masa wasu kwanakin rangwame, ranar kusa za ta matsa gaba, kuma dole takardar wannan hukunci ta shiga fayil. Idan ya gudu aka kamo shi, kwanakin da ya yi a waje ba su cikin ƙirge. Idan kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa'adin, sai a sake lissafi tun daga tushe. Wa'adin da aka yanke da kwanaki kuwa yana buƙatar ka riƙe kalanda a hannu, ka tuna watan da ke da 30 da mai 31, da shekarar da Fabrairu ke kaiwa 29, kamar 2028. Ƙa'idar da na riƙe, kuma nake ba ka, ita ce ka yi lissafi sau biyu ta hanyoyi biyu, sannan ka ba wani ya yi nasa ba tare da ya ga amsarka ba.

Batun tara da diyya yana cin lokaci fiye da yadda na waje ke zato. Mutane da yawa suna zaune ne saboda an ba su zaɓin tara sun kasa biya, shi ya sa idan azumi ya zo za ka ga masu hali da ƙungiyoyi suna neman jerin sunayen waɗanda za a biya wa. Kai za a tambaya. A nan sai ka bambance tarar da ke shiga asusun gwamnati da diyyar da kotu ta ce a biya wanda aka zalunta, domin an sha biyan tara ana murna, sai a tarar akwai diyya da ta rage. Kuɗin kuma ba hannunka zai shiga ba. A kotu ake biya, rasit da umarnin saki su ne za su iso teburinka.

Kafin a buɗe wa kowa ƙofa, ka tabbatar babu wani warantin da ke riƙe da shi a wata shari'ar, ka kuma tabbatar shi ne mutumin. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a gida ɗaya za ka iya samun mutum uku masu suna iri ɗaya da sunan mahaifi iri ɗaya, wani kuma an kama shi da inkiya an yanke masa hukunci da sunan yanka. Lambar ɗaurarre, da hoto, da zanen yatsa, da tabon jiki da aka rubuta ranar da ya shigo su ne ke raba gardama. A wani gida da na yi aiki an taɓa kiran suna don saki, mutum biyu suka miƙe, kuma tabon da wani tsohon akawu ya rubuta a rajista shi ya warware maganar. Sakin wanda bai kamata ba zai iya cin aikinka. Riƙe mutum bayan ranarsa ta cika kuwa tsarewa ce ba bisa doka ba, kuma sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka yi wa haka haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Ni na fi jin tsoron na biyun, saboda na farko yana da masu hayaniya a kai, na biyu kuwa talakan da ba shi da lauya zai yi shiru ya ci gaba da zama.

Game da saki bisa sharaɗi, gara in gaya maka gaskiya kada ka shiga da wani zato. Tsarin sabo ne a wurinmu, kuma bai kai ƙarfin da yake da shi a Amurka ko Ingila ba. Sashe na 468 na dokar 2015 ya ba shugaban hukumar damar kai wa kotu rahoton ɗaurarren da ya nuna halin kirki kuma ya yi aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, idan wa'adin ya kai shekara 15 ko ɗaurin rai da rai ne, kotu kuma ta saurari ɓangarorin biyu ta dakatar da sauran wa'adin da sharaɗi ko babu. Dokar 2019 ta zo ta kafa ɓangare na musamman mai kula da hukuncin da ba na tsarewa ba, wanda ya haɗa da wannan sakin, da aikin yi wa al'umma hidima, da sa ido kan mai laifi yana gidansa, da sasanta shi da wanda ya cuta. Tun da yawancin waɗanda ke gidajen jihar nan dokokin jiha ne suka ɗaure su, sai ka karanta kundin laifuka na Jihar Kaduna da dokarta ta tafiyar da shari'ar laifuka, dukansu na 2017. Kada kuma ka haɗa wannan da afuwar gwamna ta sashe na 212 na tsarin mulki, ko ta shugaban ƙasa ta sashe na 175, ko sakin da Alƙalin Alƙalan jiha ke yi idan ya kai ziyara. Hanyoyi ne daban-daban, amma duk fayil ɗinka suke karantawa: rahoton hali, sana'ar da mutum ya koya, jarrabawar da ya ci, rashin lafiyarsa, adireshin wanda zai karɓe shi. Wanda akawu ya yi sakaci da fayil ɗinsa, sunansa ba zai hau jerin ba ko da ya fi kowa cancanta.

Ka sani kuma rabin yininka ba a kan masu hukunci zai tafi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali na ƙasar nan masu jiran shari'a ne, kuma su ba su da ranar fita, ranar komawa kotu kawai suke da ita. Jerin masu zuwa kotu gobe, da waɗanda aka ɗage zamansu ba a sa rana ba, da waɗanda ake jiran shawarar ma'aikatar shari'a a kansu, duk kai ne mai riƙe da shi. Akawu mai himma yakan ware sunayen waɗanda zamansu ya wuce wa'adin da za a yanke musu ko da an same su da laifi, ya miƙa wa shugabansa kafin ziyarar Alƙalin Alƙalai, domin doka ta ba Alƙalin Alƙalan ikon sakin irin waɗannan.

Jarabawar wannan tebur ba daga baƙi take zuwa ba, daga gida take. Kai ɗan Zariya ne, idan aka ajiye ka a gidan gyaran hali na Ƙofar Doka ko wani gida na kusa, wata rana abokin mahaifinka ko surukinka zai tare ka bayan sallar Magariba ya ce ka duba masa fayil ɗin wane, ko ka taimaka a rage 'yan kwanaki. Ka amsa da ladabi cewa ba kai ke yanke rana ba, ka nuna masa hanyar lauya ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke tsaya wa marasa hali kyauta. Abin da ka gani a fayil, har da ciwon mutum da sunan matarsa, amana ce, ba labarin majalisa ba, kuma kada ka taɓa ɗaukar hoton takarda da wayarka.

Kafin a buɗe ɗaukar ma'aikata, ka ƙware a buga rubutu a kwamfuta da amfani da Excel, domin hukumar tana mayar da bayanan ɗaurarru cikin na'ura tare da hoto da zanen yatsa, ko da yake rajistar takarda ba ta kau ba, kuma ita ake komawa idan wuta ta ɗauke. Ka gyara Turancinka na rubuta wasiƙar ofis, tun da da shi ake rubuta wa kotuna. Ka riƙa zuwa kotun majistare kana zama a benci kana sauraron yadda ake karanta hukunci, sannan ka koma gida ka lissafa ranar fitar wanda aka yanke wa, ka sake lissafawa washegari ka ga ko amsar ta zo daidai. Idan kana da hali daga baya, harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello tana kusa da kai don ƙarin karatun shari'a ko na tafiyar da mulki, kuma takardar za ta taimaka maka wajen ƙarin girma. Idan ka gwada lissafin bi da bi mai haɗe da tara ka ga ya rikice maka, ka rubuto misalin ba tare da sunan kowa ba, mu warware shi tare. Allah ya ba da sa'a.