Ga ƙanwata mai aikin digiri kan abin da ya faru a Nakciban

Ƙanwata, tambayarki ta fama min tsohon miki. Kin ce malaminki ya ce ki cire labarin ƙona sarakunan Armeniya a garin Nakciban a shekarar 705 daga aikinki, wai ƙagen Kiristoci ne. Ni ma an yi min.

Ranar da na je kare nawa, wani dattijo cikin malaman ya ɗaga shafin da 'yan yatsu biyu kamar ya tsinci ƙazanta, ya ce, "Kai anya Musulmi ne kuwa?" Aka yi tsit. Bakina ya bushe, takardun hannuna suna rawa. Wanda ya duba min aikin, wanda wata shida ina kai masa babi-babi har gida, ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Ko uffan. Wallahi shirunsa ya fi maganar dattijon ciwo. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure gaisuwa kawai muke yi.

Kuskurena, Gewond, marubucin tarihi ɗan Armeniya, shi kaɗai na riƙe. Shi limamin coci ne, dole a ce da gefensa. Ki nemo littafin Balazuri, marubucin tarihi Musulmi, Futuhul Buldan. Shi ma ya kawo yadda Muhammadu ɗan Marwan, gwamnan Umayyawa a yankin, ya yi wa sarakunan alkawarin albashi, ya tara su a coci-coci aka kulle, sai dai shi yankin Kilat ya ambata, ba Nakciban ba. Ki nuna saɓanin a fili, kar ki ɓoye.

Kuma kar ki rubuta "Larabawa sun yi". Ki kama suna. A wajen Gewond, Ƙasim ne mai riƙe da Nakciban, shi ya kira su wai za a sa sunayensu a rajista a biya su, aka raba su tsakanin cocin garin da na garin Kiram, aka cinna wuta. Kar ki tsallake tawayen Simbat Bagratuni, jagoran sarakunan Armeniya, da yaƙin da suka yi da Larabawa a Wardanakat ma, don a nan fushin ya samo asali, ko da yake fushi bai halatta cin amana ba.

Abin ma ya maimaita kansa, wajen 851 Yusuf, gwamnan da halifa ya turo Armeniya, ya yaudari basarakensu Bagrat Bagratuni ya aika da shi Samarra, fadar halifa a lokacin, a ɗaure, mutanen dutsen Sasun suka sauko da hunturu suka kashe Yusuf. Da ni ne yanzu da wannan labarin zan fara.

Ki ɗauki hoton shafin Balazuri da Larabcinsa ki riƙe a jaka. Kuma ki karya kumallo kafin ki shiga, ni da yunwa na je.