Fitilar wankin ƙanzo ta ƙi mutuwa: amsar maigida ga yaron shago

Ka ce ka zuba magani a injin gahawar nan na De'Longhi da aka kawo daga Ikoyi, ruwa ya bi ya fita, ka ɗauraye, amma fitilar wankin ƙanzo tana nan a kunne, har kana tambaya ko fanel ne, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, ya mutu a aika kasuwar Alaba a nemo wani. Ajiye sukundireban nan tukuna, yaro. Ku yaran yanzu da abu ya gagare ku na minti goma sai ku ce fanel, don shi kuka saba gani ana cirewa a bidiyon waya. A irin wannan matsala fanel ne na ƙarshe da ake zargi, kuma da wuya a same shi da laifi.

Fitilar nan ba ta ganin ƙanzo. Babu wani ido a cikin hita da yake leƙa farin ɓawon da ruwa ke bari, irin wanda kake gani a gindin butar mai shayi. Lissafi kawai injin yake yi. Tsakanin tanki da famfo akwai 'yar mitar ruwa, duk ruwan da ya wuce sai ta ƙirga shi, fanel yana tarawa, in ya kai adadin da aka tsara masa sai ya kunna fitila. Ba zai kashe ta ba sai shi da kansa ya shaida an yi wankin daga farko har ƙarshe a cikin tsarinsa na wanki. Ko ka wanke cikin injin ya koma kamar yau ya fito daga kwali, in ba ta wannan ƙofa ka bi ba, a wurinsa ba ka yi komai ba. Na tabbata abin da ka yi shi ne ka zuba magani a tanki ka danna maɓallin ruwan zafi. Wannan ba wanki ba ne, ɓarnar magani ce.

A De'Longhi samfurin Magnifica irin wannan, ka cire matatar da ke cikin tanki in akwai ta. Ka zuba magani zuwa layin A, wato mililita 100, ka cika da ruwa zuwa layin B, lita ɗaya ke nan. Ka ajiye roba mai ɗaukar aƙalla lita ɗaya da rabi a ƙarƙashin bakin tururi. Ka danna maɓallin wankin ka riƙe daƙiƙa biyar har injin ya karɓa, sannan ka murɗa makunnin tururi zuwa I. Zai riƙa turo ruwa yana tsayawa, yana turowa yana tsayawa, kusan minti 25. Tsayawar nan ba lalacewa ba ce, lokacin ne magani yake cin ƙanzo, kada ka taɓa komai. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne ɗauraya. Dole ka wanke tanki ka cika shi har layin MAX, ba kusa da shi ba. In ka rage, injin zai ga ruwan da ya wuce bai kai abin da yake jira ba, sai ya nemi ƙarin ɗauraya, fitila ta ci gaba da haske kai kuma kana tsammani an gama. Kuma a ƙarshe sai ka mayar da makunnin tururi zuwa 0 kafin ya rufe lissafinsa.

Sai wuta, wadda ita ce ciwon kanmu a Legas. In aka ɗauke ta a tsakiyar wanki, ko aka juya daga layi zuwa janareta, wankin ya karye, sai an sake daga farko. Injin nan yana jan wat 1450 in hita ta kama. Ƙaramin janaretan nan mai wat 650 zuwa 900 ba zai ɗauke shi ba, ƙarfin wuta zai faɗi, fanel ya mutu ya tashi, kai ba ka ma lura ba. Kada ka fara wanki sai a kan babban janareta mai isasshen mai, kuma ka gaya wa na kusa da makunnin canji kada ya taɓa.

Sauran injunan gahawa ma haka suke, ƙofar shiga tsarin wankin ce kawai ta bambanta. Ƙananan Nespresso masu maɓalli biyu ana danna su tare daƙiƙa uku zuwa biyar gwargwadon samfuri, rabin lita na ruwa suke so, kuma yadda ka shiga haka za ka fita. In ba ka fita ba za su yi ta ƙyaftawa da sauri har gobe. Keurig K-Supreme ana kashe shi yana jone, a riƙe maɓallin 8 da na 12 tare daƙiƙa uku. Shi kuwa ɗan Amurka ne, wutar 120 yake ci, tamu 230 ce, don haka in tokumbo ne ka duba taransifoman da aka haɗa masa ya kai wat 2000. Philips masu matatar AquaClean suna iya kai kofi 5000 ba wanki, amma sai an shaida wa injin duk lokacin da aka sa sabuwar matata, kuma bayan ta takwas dole a wanke ko ana so ko ba a so.

Amma akwai abin da ba ka yi ba wanda ya fi duk wannan ɓata mini rai. Da aka ajiye injin a kan tebur, ka tambayi wanda ya kawo shi me suka zuba masa kafin su zo? Ba ka tambaya ba. Babu mai kawo inji shago sai ya gama gwada nasa a gida, kuma ba zai faɗa ba sai ka matsa.

Wani manajan masaukin baƙi a wajen Lekki ya taɓa kawo irin wannan, da wannan magana taka, fitila ta ƙi mutuwa. An tambaye shi, ya rantse ko ruwan zafi ba su zuba ba. Aka yi wanki bisa ƙa'ida, fitila ta mutu, gahawa ta fito da zafinta da kumfarta, ya ɗauka ya tafi, ya ce kuɗi sai ƙarshen wata tare da na wasu injuna biyu da aka gyara musu a can. Mako bai cika ba ya dawo yana ɗaga murya a bakin shago, jama'a na kallo, wai maganinmu ya huda masa inji, ruwa na zuba ta ƙasa. Da aka buɗe, hitar alminiyon ta yi toka-toka, in ka goga yatsa baƙin gari ne ke biyowa, ga 'yan ramuka kamar bakin allura a kusa da mahaɗar tiyo. Mahaɗan tagulla sun juya sun yi ja-ja, zoben roba ya kumbura ya yi laushi. Maganin wankin ƙanzo ba ya yin haka ko ya kwana a ciki. Wannan aikin asid mai ƙarfi ne. Daga baya yaron da ke musu shara, ɗan wajenmu ne, ya faɗa wa wani a masallacin Juma'a cewa ruwan wanke bayi manajan ya sa aka zuba, ya kwana a ciki, don ya ga yana cire farin datti a tayil. Ƙanzon da ya rage shi ne ya toshe ramukan, da aka wanke shi tas sai ɓarnar ta bayyana. Mutumin nan ya san abin da ya yi. Ya riƙe kuɗin injuna uku, shago ya sayi sabuwar hita da mahaɗai daga aljihunsa don kare suna, kuma ya bi ya gaya wa wasu masaukai biyu cewa muna lalata kaya. Kuɗin ba su fi sunan ciwo ba. Yaron sharar ba zai iya tsayawa shaida ba, abincinsa ne zai tafi. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ka san dokar shagon nan, kuma don wannan abin da ya faru na kafa ta. Kafin magani ya shiga inji, ka shinshina tanki. Ka tura ruwa zalla rabin kofi ka duba launinsa a farin faranti: in ka ga toka-toka ko baƙin gari, ka tsaya. Ka buɗe gefe a gaban mai kaya, ka haska hita da mahaɗai, ka ɗauki hoto. Wayar da kuke yini a kanta ga inda take da amfani. Ka rubuta a rasit abin da ya ce sun zuba, ya sa hannu.

To, in ka bi tsarin wanki daidai, wuta ba ta yanke ba, amma injin ya tsaya a tsakiya ko ya ƙi rufewa, yanzu ne za ka ɗauki sukundireba. Fara da tanki. A jikinsa akwai ɗan fulot mai maganaɗisu da ke hawa da sauka, shi ke gaya wa injin ruwa ya ƙare. In datti ya kama shi a sama, injin ba zai san tanki ya ƙare ba, famfo zai yi ta jan iska. In ya maƙale a ƙasa, zai yi ta neman ruwa alhali tanki cike yake. Girgiza tankin a kunnenka, ya kamata ka ji yana ƙwas-ƙwas. Daga nan sai mitar ruwa. 'Yar roba ce zagayayya mai tiyo biyu da waya uku. Ka murɗa murfinta a hankali, akwai zoben roba kada ka yar da shi. A ciki za ka ga 'yar farfela mai maganaɗisu, ita ke juyawa, sensa a murfi tana ƙirga juyin. Ƙofar shigar ruwan ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, ɓarɓashin ƙanzo ɗaya ya isa ya toshe ta. Ka wanke da magani da burushin haƙori, kada ka zura allura ka faɗaɗa ramin, in ka faɗaɗa lissafin injin ya ɓaci har abada, kofi zai riƙa cika yana zuba. Ka hura da baki ka ji farfela na gudu. Da mitarka ta gwajin wuta ka duba bolt biyar na zuwa, kuma wayar sigina tana hawa da sauka in farfela ta juya. Wajen mayarwa ka bi kibiyar shiga da fita, na sha ganin yara sun juya ta.

Ka saurari famfo ma. In yana jan ruwa muryarsa ƙasa-ƙasa take, in iska yake ja sai ya yi ƙara mai kaifi. Kada ka bar shi a haka, irin famfon nan na kamfanin Ulka ba a yi shi don dogon gudu ba hutu ba, kuma hita in ta bushe fiyus ɗin zafi ne zai tsinke, ka ƙara wa kanka aiki. In famfo na ƙugi ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan, toshiya ce a hita ko a bakin tururi. Cire bakin ka jiƙa shi daban, ka sake wanki karo na biyu da sabon magani.

Maganin kansa, na kamfani na fi so, EcoDecalk na De'Longhi da na Nespresso duk asid na madara ne, yana cin ƙanzo ba ya cin roba. In babu, garin sitirik da ake samu a kasuwar kemikal ta Ojota yana yi, giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya, a narka shi sarai a ruwa mai ɗumi kaɗan. Kada ka ƙara yawa don ka burge, in ya yi kauri ya haɗu da zafi yakan bar wani farin gari da ya fi ƙanzon wuyar fita. Kuma injin da ke da garanti kada ka sa masa, kamfani zai iya ƙin karɓa. Binega ban yarda da ita ba, tana gajiyar da roba, warinta ya daɗe a gahawa. Ruwan lemon tsami kuma ɓarɓashinsa ne zai toshe maka mitar da ka gama wankewa.

Akwai kuma wanda zai dawo ya ce fitila ta mutu amma ta sake kamawa da wuri. Wannan saitin nauyin ruwa ne. De'Longhi daga kamfani a mataki na 4 yake zuwa, na ruwa mafi nauyi, shi ya sa yake saurin neman wanki. Ka tsoma 'yar takardar gwaji a ruwan da suke amfani da shi na daƙiƙa ɗaya, ka jira minti ɗaya, ka ƙirga jajayen gidaje, ka saita injin a kan wannan lamba. Ruwan gidansu za ka gwada, ba na shago ba, don haka ka ce su zo da shi a gora. Mutanen Lekki da Ajah ka gaya musu kai tsaye kada ruwan burtsatse ya shiga tankin nan. Yawancinsa da ƙarfe da gishiri, yana barin jan datti a mita, gishirin kuma yana cin hita a hankali, kuma fitila ba ta san da wannan ba. Su sa ruwan gora na dispensa.

In duk wannan ya wuce lafiya, wanki ya kammala, fitila ta mutu, amma da an zare filogi an mayar sai ta dawo, sannan ne za mu yi maganar fanel, domin alama ce ba ya riƙe abin da ya rubuta. Ko a nan ma ka fara cire shi ka duba bayansa. Kyankyasai na son ɗumin wurin, kashinsu da laimar garin nan suna haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba. Ka goge da sipirit da burushi, ka bar shi ya bushe sarai, ka gwada kafin a kashe kuɗin mutum.

Yanzu kira mutumin Ikoyi ka tambaye shi me suka zuba, kuma wane ruwa suke sha. In ya amsa, ka tayar da babban janareta ka sake wankin daga layin A, ka zauna a gabansa har ya gama.