Me ya sa ma'aunin miƙewar ƙashi ke rikicewa bayan 'yan kwanaki?

Mai tambaya, ka ce kun yi wa tunkiya tiyata kun manna na'urar, wato ɗan ƙaramin ma'auni mai wayoyi da ke nuna yadda ƙashi ke miƙewa, a ƙashin ƙwaurinta, kwana kaɗan alƙaluma suka fara yawo. Galibi danshi ne ko gam. Miƙewar ƙwauri ko a guje da wuya ta wuce 0.3 cikin ɗari na tsawonsa, don haka gam na ɗan ɗagawa awo ya lalace.

A kankare tantanin da ke lulluɓe da ƙashin, a tsai da jini, a goge maiƙo da sifirit, wurin ya bushe ƙayau kafin a ɗiga gam mai kamawa nan take. Ɗan ɗigo ya isa. Gam mai kauri yana shanye motsin. A shafe mahaɗar wayoyin da abin hana ruwa, a bar musu sassauci kada tsoka ta fizge su. Gwamma ma'auni mai fuska uku, wato mai auna miƙewa ta fuskoki uku, domin mai fuska ɗaya miƙewa ta fuska guda kawai yake gani.

Tiyatar kuwa aikin likitan dabbobi ce, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.