Kafin ka kai Hilux ɗinka tudun yashin Yusufari

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce ka sayi Hilux ta hannu, kai da abokanka uku kuna son ku je Tulo-Tulo ta wajen Yusufari a watan Disamba ku kwana biyu a fili, kuma mai sayar da kayan mota ya ce sai ka ɗaura winci, wato injin nan mai waya da ke jawo mota in ta kafe, da manyan fitilu. Kana son sanin abin da ya zama dole ka saya da abin da za ka iya bari.

Na yi shekara 9 ina tuƙa motar masu haƙar rijiyar burtsatse a arewacin Yobe, na kuma ɗan yi aiki tsakanin Tanut da Agadas. Abin da zan faɗa maka a jikina na koye shi.

Riƙe kuɗin wincinka tukuna. Winci sai ya samu abin da zai kama, kuma a tsakiyar rairayi ba bishiyar da za ka ɗaura waya a jikinta. Sai dai ka haƙa rami mai zurfin mita 1 ka binne safaya, ka ja daga nan, aikin da kafin ka gama shi mai shebur ya fita ya tafi. Fitilu kuwa na mai tafiyar dare ne, kai kuma ba za ka yi tafiyar dare a can ba.

Abin da ke fitar da mota daga yashi iskar taya ce. Ranar da na fara gane haka, muna bayan Yusufari ne da misalin ƙarfe biyu na rana, mota cike da bututu da siminti. Na ji tana nauyi, sai na ƙara taka totur. Taya ta riƙa juyawa a wuri guda tana feso yashi, kafin in ɗaga ƙafa cikin motar ya zauna daram a ƙasa, har ƙofa ba ta buɗuwa sai da muka ture rairayi da hannu. Awa uku muna haƙa, tafin hannuna duk ya yi bororo. Wani dattijo ya iso a kan raƙumi, ya sauka, ya zagaya motar bai ce komai ba. Can ya tsuguna ya danna taya da babban yatsa, ya ce, "Yaro, wannan ai dutse ka ɗauro. Rage mata iska." Da tsinken ashana muka danne bakin bawul ɗin taya huɗu har suka yi tumbi. Na sa ƙaramar giya, na saki kuloci a hankali, mota ta taso kamar ba ita ce ta kafe ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ka rage iska, inda taya ke taɓa ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu, sai ta hau kan yashi a maimakon ta tone shi. Masu faci a gari sukan ɗura maka iska awo 40 ko fiye a geji. Da zarar ka bar kwalta ka shiga rairayi, sauke zuwa 18 ko 20 a geji. In ta kafe, ka iya sauka zuwa 15 don ka fita. Amma a wannan awon kada ka yi gudu, kada ka karya sitiyari da ƙarfi, don taya tana iya zamewa daga rim, kuma mayar da ita a daji wahala ce babba. Saboda haka abu biyu na farko da za ka saya su ne gejin iska mai kyau da injin hura taya, irin wanda ake maƙalawa a kan batir kai tsaye. Ƙaramin nan na ramin kunna sigari zafi yake ɗauka ya mutu kafin ka gama taya ta biyu.

Sai shebur mai dogon hannu, guda biyu in da hali, domin ƙarƙashin mota za ka share, ba gaban taya kaɗai ba. Muddin cikin mota yana zaune a kan yashi, ko tirela ce ta zo ja, wani abu ne zai karye. Sai allunan da ake turawa ƙarƙashin taya. Direbobin Agadas na ƙarfe suke ɗaurawa a gefen Land Cruiser, yanzu kuma akwai na roba mai ƙarfi. Ka ɗaura musu guntun igiya mai launi, don taya takan binne su, ka yi ta lalube. Sai katako mai kauri da faɗi da za ka ɗora jak a kai, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse, motar tana nan inda take.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato jan mota da mota. Wata rana motar abokan aikinmu ta kafe, aka kawo sarƙa, aka rataya ta a ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota da ake jan tirela da shi. Mai ja ya ja baya kaɗan ya fizga. Ƙarar da na ji kamar ta bindiga. Ƙwallon ya tsinke daga tushe, ya fasa gilashin gaban motar da ta kafe, ya huda kujerar mai zaman banza. Yaron motar da ke zama a wurin ya sauka ne minti biyu kafin nan don ya sha ruwa. Har yau in na tuna ramin da ke jikin kujerar nan sai gabana ya faɗi. A Ostireliya, inda wannan yawo ya zama ruwan dare, irin wannan ƙwallon ya kashe mutane ba sau ɗaya ba.

Don Allah kada ka fizgi mota da sarƙa, ko da igiyar kasuwa mai ƙugiya a baki. Nemi igiyar nailan mai miƙewa da aka yi don wannan aikin, mai tsawon mita 9, wadda aka rubuta kilo 8,000 a jikinta. Ita ce daidai da Hilux mai kaya, wadda nauyinta ke kaiwa wajen tan 3. Maɗaurin ƙarfen da za ka haɗa ta da shi ya zama mai lambar tan 4.75 a jikinsa, wanda ba shi da lamba ka bar wa mai shago. A jikin shasi ake ɗaurawa, a wurin da aka tanada, ban da bamba, ban da ƙwallon nan. In igiya ta gaza tsawo, kada ka haɗa biyu da ƙarfe a tsakiya. Ka yafa bargo mai nauyi a tsakiyar igiyar, kowa ya matsa gefe, nesa fiye da tsawonta, har da mai ɗaukar hoto da waya, don shi ne ya fi matsowa.

Igiya kuma ba ta da amfani in ba mota ta biyu. Ku huɗu a mota ɗaya ba na ba da shawara. Ku nemi wata motar ku tafi tare, ku kuma ɗauki ɗan gari daga Yusufari wanda ya san hanya, ku biya shi da mutunci. Sawun taya a can iska ce ke share shi, hazon hunturu kuma yakan rufe tudun da kake auna hanya da shi. Iyakar Nijar tana kusa, kana iya tsallakawa ba ka sani ba, sabis ɗin waya ma ɗaukewa yake. Kafin ku tashi ku tambayi halin tsaro a makon da za ku tafi, ba labarin bara ba, ku sanar da jami'an tsaron garin, ku bar wa wani a gida ranar da za ku dawo. In mota ta lalace, ku zauna kusa da ita. Mota ana hango ta daga nesa, mutum a ƙafa ba a ganinsa.

Game da tuƙin, a taƙaice: ka duba ko motarka mai makulli ce a tsakiyar tayoyin gaba, irin wanda ake murɗawa da hannu. Na ga wanda ya sa 4L, wato ƙaramar giyar da ke jan taya huɗu, ya yi ta fama, ashe tayoyin gaba a sake suke. Ku fita da sassafe, yashi ya fi tauri kafin rana ta gasa shi. Tudu a miƙe ake hawansa, a miƙe ake sauka, ba a ratsa shi ta gefe. In ka kai ƙoli tsaya ka leƙa, don bayan tudun yakan yanke tsaye. Da ka ji taya ta fara tono, ɗaga ƙafa, ka gwada komawa baya a kan sawunka. Mai kuwa ka lissafa kusan ninki biyu na abin da take sha a kwalta, ka cika tanki da jarkoki a Gashuwa. Safaya biyu ta fi ɗaya, ƙayar aduwa ba ta jin tausayin taya.

Wurin kwana ba ya son kaya da yawa. Tabarma, katifar soso siririya, bargo biyu kowa, da hular sanyi, domin sanyin asubar Disamba a can yana shiga ƙashi. Mu leda babba muke ɗaurawa a jikin mota ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, wato kudu maso yamma, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Tanti yana da daɗi in kuna da shi, amma kada wanda ya shigar da gawayi ciki don jin ɗumi, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe mutum yana barci. Kada ku sauka dab da rijiya ko cikin kwarin goruba: sauro yana can, kuma da asuba garken shanu da raƙuma za su zo sha. Ku je ku gaida bulaman ƙauyen da ke kusa kafin ku shimfiɗa tabarma, ko da goro da sukari ne. Sau da yawa shi zai nuna muku inda ya fi, ya kuma san da ku.

Takalmi a cikin mota ake kwana da shi, ko a kakkaɓe shi da safe saboda kunama. Ƙarangiya kuma in ta kama bargo, kwana uku kana tsinta, don haka ku share wuri da shebur tukuna. Ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum a rana, ban da na girki da na lagireto, sannan ku ƙara na kwana biyu a kan lissafinku. A jarkoki da yawa za ku zuba, don in ɗaya ta fashe kada ku rasa duka. Abinci wanda ba ya lalacewa: dabino, kilishi, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, taliya, da kayan shayi. Ledar da kuka shigo da ita ku fito da ita, awakin mutane suna ci su mutu.

Ranar dawowa, kafin ka hau kwalta ka tsaya ka mayar da iskar tayoyi yadda take, ka fitar da motar daga 4H, wato babbar giyar jan taya huɗu. Taya mai awo 18 in ta yi gudu a kwalta zafi take ɗauka ta fashe, kuma hanyar Gashuwa ba wurin da za ka so haka ta same ka ba ne. Ka turo mini lambar da ke jikin tayarka da shekarar motar, in gaya maka ko tayoyin da ke kanta za su iya wannan tafiyar. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.