Hatimin Abuja a gindin butar tangaran

'Yar'uwa, kin tambaya ko butar ruwan da kika gada wurin kakarki, mai hatimin "Abuja" cikin rubutun ajami a gindi, aikin Ladi Kwali ce, shahararriyar maginiyar tukwane. Hatimin shi kaɗai bai isa shaida ba. Abin da yake nunawa shi ne an gasa ta a cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1952. Ladi ta shiga a 1954, amma akwai wasu magina, irin su Asibi Ido da Kande Ushafa, kowa da nasa tambarin.

Ki kifa ta, ki nemi ƙaramin hatimi na biyu mai LK. Na taɓa riƙe wata wadda shafen ƙyalli ya kusa cike haruffan, sai da na haska tocila ta gefe suka fito. Ki duba zanen kuma: ƙadangare, kunama ko kifi, an karce su cikin shafen, yatsa na jin gurbinsu. Mariƙin da bakin zubawar salon Ingila ne da Cardew ya kawo, zanen kuwa na Gwari ne. Don Allah kada ki goge gindin da soson ƙarfe.