Hoto na tafiya, murya ta ɓace: amsoshin wasiƙunku kan juyar kaset

Wata Hajiya daga Zariya ta rubuto cewa tana da kaset ɗin walimar saukar Alƙur'ani ta ɗanta, na 1998, kuma a ciki akwai muryar marigayi maigidanta yana addu'a. Ta kai wani shago an juya mata a filas, hoto ya fito, murya babu. Yaron shagon ya ce tsufa ne ya cinye muryar. Tana tambaya ko shi ke nan ta rasa.

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Ki kwantar da hankalinki, kuma don Allah kada ki jefar da kaset ɗin, kada ki bar shi a shago. Da wuya tsufa ya ɗauke murya ƙaf ya bar hoto tangaran. A kaset ɗin VHS, muryar da aka saba tana kan wani siririn layi ne a gefen zaren, kuma kan da ke karanta ta a cikin na'urar bidiyo daban yake da na hoto. Idan kan nan ya yi datti, ko gefen zaren ya tattare, murya takan dusashe kamar mai magana cikin tulu. Wasu kasetocin kuma suna da murya ta biyu da ake kira Hi-Fi, wadda takan yanke idan tirakin, wato saitin da ke daidaita kan na'ura da layin zare, bai zauna daidai ba. Ki sa a haɗa na'urar bidiyon kai tsaye da talabijin, ba kwamfuta a tsakani, a gabanki. In kin ji muryar Alhaji, to laifin na mai juyawa ne, ya sake aikinsa. In ba ki ji ba, a sauya sautin daga Hi-Fi zuwa Normal, wato muryar gefen zaren, a motsa tirakin, sannan a gwada wata na'urar kafin a yanke hukunci. Abu ɗaya zan roƙe ki: ki leƙa ta gilashin kaset ɗin. In kin ga wani fari-fari kamar gari a kan zaren, fumfuna ce ta danshin damina. Kada a kunna shi haka, sai wanda ya iya ya share tukuna, don takan manne zaren har ya tsinke.

Wani ɗalibi daga Kano ya ce ya sayi EasyCap, 'yar na'urar da ke shigar da bidiyo cikin kwamfuta ta USB, don ya juya kasetocin Hi8 na gidansu, wato ƙananan kasetocin kyamarar hannu, ya haɗa da wayar S-Video saboda an ce ta fi fitar da hoto, amma shiru kake ji.

Ɗana, S-Video hoto zalla take ɗauka, ko tari ba ya bi ta cikinta. Sai ka ƙara farar waya da jar waya, su ne na murya. A Hi8 kawunan da ke juyawa su ke rubuta hoto da murya tare, saboda haka in hotonka ya fito fes, muryar na nan. Bayan wayoyi, ka duba OBS ko duk manhajar da kake ɗauka da ita: kwamfuta tana ganin muryar EasyCap a matsayin na'ura daban, sai ka zaɓe ta da hannunka. A Windows 10 da 11 kuma, in an hana manhajoji amfani da makirfo, ita ma za a toshe ta.

Amma tunda ka ambaci EasyCap, bari in faɗi abin da ke cina. Sunan nan ya zama rigar aro. Kwali iri ɗaya, baƙar roba iri ɗaya, amma ka fasa uku ka tarar da ciki kala uku, kuma faifan direban da ke kwalin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, sau da yawa ba na wanda ka saya ba ne. Na taɓa sayen guda, na kwana biyu ina zargin kyamarata, ashe jar wayar a ciki ko a haɗe ba ta. Ga kuma wayar AV mai kai irin na iyafis: kamfanoni ba su jera zobbanta iri ɗaya ba, sai ka sayi ta tebur, hoto ya bi ta ja, lasifika ta riƙa ƙugi kamar janareta. Mutanenmu kuma sai a yi ta ciniki a kan ɗan ragi, a karɓi kaya a leda, ko gwadawa ba a yi ba. Ka tafi da kyamararka da laftof, a gwada a shagon, ka ji murya da kunnenka sannan ka zaro kuɗi. Wanda ya ƙi a gwada, ka san abin da yake sayarwa. Filas ma haka. Jabu yakan nuna 128GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, ka zuba bikin awa uku, farkon ya buɗe, sauran ya zama shara. Akwai H2testw, kyauta ce, ka gwada filas da ita kafin ka ɗora masa tarihin gidanku. Araha dai ba ta ado.

Wani mai ɗaukar biki a Maraɗi yana da kyamara mai ƙaramin kaset na MiniDV, ya haɗa ta da kwamfuta ta USB bai samu komai ba, da ya samu hoto ta wata hanya kuma waƙar da ya ɗora daga baya ce kawai ke fita. Malam, a yawancin kyamarorin nan USB na hotunan katin memori ne. Hanyar kaset ita ce wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, tana kwaso hoto da murya tare ba tare da raguwa ba. Batun waƙa kuwa, kaset ɗin da aka ɗauka a saitin sauti na 12-bit yana da layin sauti biyu. Ka shiga Audio Mix a saitin kyamarar ka mayar da shi ST1, wato layi na farko, muryar wurin biki za ta dawo.

Wata baiwar Allah ta ce bidiyonta yana magana a kwamfuta, a talabijin kuma ya zama bebe. Wannan mai sauƙi ne, 'yata. Talabijin ɗin ne bai gane irin sautin ba. A bi da shi ta manhajar HandBrake a mayar MP4 mai sautin AAC, amma a ajiye na asalin.

Sai wani da ke tambaya ko akwai manhajar waya da za ta dawo da murya a bidiyon da aka juya ba murya. Haba Malam! Abin da ba a zuba a tukunya ba, ta ina ludayi zai ɗebo shi? Ka koma kan kaset. Ya kuma ce mai shago ya yi masa alkawarin juya kaset goma kafin La'asar, shi ya sa ya bar su can. Kaset ɗin VHS mai lambar E-180 awa uku yake ci, kuma ba a juya shi da gudu. In na'ura ɗaya ce a shagon, ka yi lissafi da kanka, sannan ka je ka karɓo kayanka tun kafin a yi musu aikin gaggawa.