Ƙaramar jif ta zamani: ba a gidan mai take cinye mai ita ba

Ka ce yayanka na son sayen ƙaramar jif, RAV4 ko CR-V ta bayan 2017, yana tambaya ko da gaske ba su shan mai, kuma ko riƙonsu na da sauƙi. To aje wayar nan ka saurara, yaro, don ba na maimaita magana.

Batun mai gaskiya ne, amma da sharaɗi. RAV4 ta 2019 mai inji 2.5 da CR-V mai inji 1.5 da tabo (turbo, mai cusa wa inji ƙarin iska), a takardar Amurka kowacce tana yin wajen mil 30 a galan, wato kusan kilomita 13 a lita. RAV4 haibirid, mai haɗa fetur da batir, tana kai wajen 17. Wannan lissafi ne na titinsu da fetur ɗinsu. A nan Katsina, in ka hau hanyar Kano, wajen kilomita 170, kana tafiya 100 ba ka wuce ba, lita 14 ko 15 ta kai ka. Amma ka shiga cikin gari da azahar, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga, esi a kunne, 'yan Keke Napep na tare maka gaba, in ka samu 8 ko 9 ka gode Allah. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya koyi lissafin nan, ba sai na koya maka yadda ake cika tanki a auna ba. Ka dai tuna motar Amurka mil take ƙirgawa, ka ninka da 1.6.

Inda kuɗi ke tafiya daban ne, kuma tambayarka ta fama mini tsohon miki.

Wani Alhaji ya taɓa kawo mini CR-V 2017 sabis. Na juye baƙin mai, na canza filta, na ce masa man giya ya isa canji, kuma giyar motar nan CVT ce. Ba haƙora take canzawa kamar ta tsohuwar Camry ba. Bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fuli biyu, suna matsewa suna buɗewa, mai ne ke sa bel ɗin ya kama. Nata man HCF-2 ne, kusan lita 4 a canji ɗaya, ba ta da sandar awo, ta wani noti na gefe ake gane ya cika. Na ce sai na aika Kano a kawo na gaske. Da ya ji kuɗin ya ce wai zai dawo. Bayan mako uku sai ga waya, mota ta tsaya tsakanin Mashi da Daura, inji na ihu, ba ta tafiya. Aka jawo ta. Ina kwance notin ƙasa sai ga jan mai na otomatik ɗin gama-gari yana zuba, da garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki kamar an barbaɗa kwalli. Nata man ba ja ba ne, ruwan zuma ne. Bel ya zame ya kankare fuli, giya ta gama aiki.

Mutumin nan ya rantse ba wanda ya taɓa motar sai ni. Aka kai magana gaban manyanmu na gareji. Suka ce ina shaida? Ba takarda, ba hoto, sai bakina da nasa, shi kuwa da babbar riga. Aka yanke in biya rabin kuɗin wata giyar 'yar Kwatano, don a zauna lafiya. Kuɗin da na yi wata takwas ina tarawa zan sayi babbar na'urar duba kwamfutar mota, su suka tafi. Sai bayan shekara direbansa ya faɗa mini da bakinsa cewa a bakin hanya suka tsaya, wani yaro irinka ya juye musu galan ɗin ja da rabin kuɗi. Har gobe Alhajin in mun haɗu a ɗaurin aure hannu yake miƙo mini yana murmushi. Shi ya sa ka ga littafin nan a aljihuna: lambar mota, kilomita, abin da na zuba, abin da mai mota ya ƙi, kuma ya sa hannu. Galan ɗin da na juye ma a but nake sa masa.

Baƙin mai ma haka. CR-V ɗin 0W-20 take so, lita 3 da rabi. RAV4 2019 kuma 0W-16, lita 4 da rabi. Ku yaran yanzu da kun ga mai kamar ruwa sai ku ce zafin Katsina zai ƙone shi, ku ɗura 20W-50. Hanyoyin mai na injin nan sirara ne, mai kauri ba ya isa tabo da wuri da safe, ga shan fetur ya ƙaru. Da ƙurarmu, ni kilomita 5,000 nake juyewa, ban damu da abin da allon mota ke cewa ba. A injin 1.5 ɗin ka riƙa sansana sandar awo: in mai ya haura alama kuma yana warin fetur, fetur ne ke sulalewa ciki, yawanci a motar da ba ta tafiya mai nisa, inji bai gama ɗumi ba an kashe.

Saboda haka duk wanda ya cire tamostat, mai daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye ya cuci mai mota. Inji ba zai kai zafinsa ba, kwamfuta za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Haka in an fasa indomi, wato matatar hayaƙi ta cikin salansa, an sayar, wutar cek inji ba ta ƙara mutuwa, ranar da matsalar gaske ta zo ba mai ganewa. Lokacin hunturu filtar iska kan toshe da wuri. A canza ta, a daina hura ta da iska mai ƙarfi har ta yage, ƙura ta hau sensar iska. Fetur na 'yan bumburutu kuwa, nozul da famfon injin nan ba su yafe shi.

Taya ma kuɗi ce, lamba 17 zuwa 19. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, kada a haɗa sabuwa da wadda ta suɗe, kuma bayanta akwai man difransha, giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, da kowa ke mantawa. Iskar da za a sa tana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a kan mai faci ba.

Ka gaya wa yayanka, in kuɗinsa iya na saye ne, ya nemi RAV4 ta 2013 zuwa 2018, inji 2.5 ba tabo, giya shida ta gargajiya. Za ta ɗan fi shan mai, amma kayanta na nan a kasuwa kuma kowane bakanike ya san cikinta. Haibirid ta fi dacewa da mai yawon cikin gari, sai dai kafin ya biya a duba lafiyar batirin da na'ura, a buɗe fankar da ke sanyaya shi a ga ko ƙura ta cushe ta. Kuma kada ya ba da ko sisi sai ya kawo ta nan na shiga ƙarƙashinta. Tashi ka ɗauko mini sifana 17, motar can tun safe take jira.